Abin da Ya Kashe 'Yata Yana Nan da Rai a Hannun Ƙanena

Malam Babayo, salamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka amsa kafin Babbar Sallah, don abin ba zai wuce nan ba. Duk sunayen da za ka gani na sauya su.

Ni dillalin shanu ne a karar Bukuru. Na gama firamare, shi ya sa na rubuto da hannuna, ban kai sirrina wurin marubutan bakin gidan waya ba. Sana'ata tsayuwa tsakanin mutum biyu. Makiyayi ya kawo saniya yana ganin babu irinta, mahauci ya zo yana ganin ƙashi zalla, ni kuwa in yi ta zuba har su tafa, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba. Na taɓa sayar da bijimi mai ɗingishi, mai sayen ya tafi yana cewa takun ƙasaita ne. Ina gaya maka ne don ka san ba baki na rasa ba. Amma yau ina tsakanin matata da ƙanena, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ƙanen nawa, Hamman, shi ne ɗan bokon gidanmu. Ya yi jami'a, ya daɗe a Turai, ya dawo ana ce masa dakta, amma ba ya duba maras lafiya. 'Yan unguwa har sun gaji sun daina kawo masa ciwon baya. Aikinsa bincike ne kan zazzaɓin cizon sauro, a wani ɗan ɗaki bayan asibiti a nan Jos. Allurar rigakafi yake nema, irin wadda ake yi wa yara ta ƙyanda. Ya taɓa yi min bayani da abin da na sani: in ciwon huhu ya shiga garke, iyayenmu kan yanko ɗan huhun wadda ta mutu, su tsaga hancin masu lafiya su sa, jikinsu ya san abokin gaba kafin ya zo da ƙarfinsa. To shi ma haka, sai dai dole ya kama ƙwayar cutar ya kiwata ta tukuna. A ɗan farantin gilashi yake zuba ta da jini, ya sa a wani tulun gilashi, ya kunna kyandir a ciki, ya rufe har kyandir ɗin ya mutu. Tun dawowarsa yake gwadawa, kullum ƙwayoyin mutuwa suke yi.

Da daminar nan matata Aisatu ta kai 'yarmu Zinariya biki wajen danginta a Wase. Yarinyar shekararta huɗu, a nan kan dutsen Jos aka haife ta, inda sanyi bai bar sauro ya yi yawa ba, jikinta bai san zazzaɓin ƙasa ba. Sun dawo da 'yan kwanaki jiki ya yi zafi, sai jijjiga. A asibiti an ɗebi jininta don awo, Hamman ya ce in bar shi ya ɗauki kaɗan. Na ce ya ɗauka. A lokacin ko hannuna ya ce zai yanke, miƙa masa zan yi. Ya yi iya yinsa, wannan kam shaida ne ni. Allah ya karɓi abarsa.

Ban yi kuka ba, Malam, har yau. Bayan sadakar uku na koma kara na sayar da karsana. Mutane suna ta yabon tawakkalina. Ni na san ba shi ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana ganinta, kana taɓa ta, amma ba taka ba ce.

Ranar sadakar arba'in Hamman ya shigo gida fuskarsa a sake. A tsakar gida, gaban mata, ana rabon waina, ya ce kiwon ƙwayar cutar da ke jinin Zinariya ya kama. Yana raye, yana hayayyafa, shi ne na farko da bai mutu masa ba. Har ya ce sunanta ya rubuta a murfin farantin, don in an dace wata rana a san daga inda aka samo. Wallahi a ransa ta'aziyya ya kawo. Aisatu ta ajiye tiren da ke hannunta a hankali, ta shiga ɗaki.

Ba ta yi hayaniya ba. Abin da ta gaya min daga baya shi ne, ashe ba a binne 'yarta duka ba. Kuma abin da ya kashe ta an ba shi ɗaki, ana ciyar da shi, ana kiransa da sunanta. Ta ce ko a kawo a binne a gefen kabarin, ko kuwa in yayanta ya zo gangarawa da shanu bayan Sallah ta bi shi gida. Na san ta. Ba ta taɓa yi min barazana ba, wannan ma ba barazana ba ce.

Na je wurin Hamman. Ya rame. Da jinin hannunsa yake ciyar da abin, yana sabunta masa a kai a kai. In an ɗauke wuta, sai ya sa tulun cikin rigarsa ya rungume don kada sanyin Jos ya kashe su. Ya sa na leƙa ta madubinsu na ganin ƙwayoyin cuta. Wasu 'yan ɗigo na gani kamar zobe. Na tsaya ina jiran in ji haushi, ko tsoro, ko wani abu. Madalla kawai na ce masa, kamar ya nuna min sabuwar motar Fijo. Da na faɗa masa maganar Aisatu sai ya ce ni ne uba, in na ce a zubar zai zubar da hannunsa, amma in sani aikin shekarunsa ne, kuma bai san ko wani zai sake kamawa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, dillalin da ke cikina ya riga ya samo mafita. Ranar layya in tari jinin rago a 'yar kwalba, in kai wa Aisatu, mu binne tare, Hamman ya ci gaba da kiwonsa, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba. Har kwalbar na tanada. Ko kunyar tunanin ban ji ba, shi ne ya sa na rubuto. Me zan yi?

Dillali, Bukuru

*

Ɗan'uwa Dillali,

Allah ya ji ƙan Zinariya, ya sa mai ceto ce a gare ku.

Da farko, fasa kwalbar nan yau. Mai sayen saniya gobe ya tafi garinsu, Aisatu kuwa da ita za ka tsufa. Duk ranar da ta gane jinin rago ta yi wa addu'a a gefen kabarin 'yarta, ka rasa ta, ka rasa ƙanenka.

Aisatu tana da gaskiya. Uwa ce, ba a nemi izininta ba, kuma a bainar mata ta ji labarin. Hamman ma ba mugu ba ne. Mutumin da ke ɗumama tulu da ƙirjinsa makoki yake yi ta hanyar da ya iya. Amma ya yi kuskuren wuri, da na lokaci, da na suna. Dole ya goge sunan nan kafin komai. Sannan ya zo ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ba tare da lacca ba.

Na tambayi wani likita abokina. Ya ce tunda ana sabunta jinin a kai a kai, da wuya a ce na yarinyar ya rage a farantin, jikokin ƙwayar ne cikin jinin Hamman. Ka tambaye shi ko akwai ragowar na farko a ajiye. In akwai, ya miƙa wa uwar a binne. Hukuncin addini kuma ba nawa ba ne, ku je wurin limaminku tare, ta ji da kunnenta.

Kada kowa ya yi mata alkawarin cewa allura za ta fito daga farantin nan. Mai yiwuwa ta fito, mai yiwuwa Hamman ya tsufa bai gan ta ba. A gaya mata haka ƙarara.

Ra'ayina, a bar abin da rai, don akwai yara da yawa da za su gangara ƙasa baɗi. Amma Hamman ya yi kuskure da ya ce hukuncin naka ne kai kaɗai. Ku biyu kuka haife ta. In Aisatu ta ji duk wannan ta ce a binne, a binne. Shi ya riga ya gano hanya, zai iya sake nema. Ita ba ta da wata Zinariyar.

Game da rashin kukanka, ba taurin zuciya ba ne, ana yin haka. Amma matarka busasshiyar fuska kawai take gani, tana zaton ka bi bayan ƙanenka. Ka bar kara na 'yan kwanaki, ka zauna kusa da ita, ka gaya mata abin da ka gaya min, cewa ba ka jin komai kuma abin ya dame ka. Kada ka gyara maganar, kada ka yi mata daɗin baki.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Hamman sa'a, ya sa ku yi Sallah a gida ɗaya.

Malam Babayo