Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Unguwar Rimi, Litinin

'Yata Nafisat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida Faruk da 'yan shago.

Mutane da yawa sun ɗauka jarrabawar shiga makarantar koyon gudanar da kasuwanci hadda ce, a haddace tsofaffin tambayoyi a je a juye. Ke ma haka kika ce ranar da kika zo. Ba haka ba ne, 'yata. Lissafinta bai wuce na sakandare ba. So suke su ga yadda kike tunani agogo yana tafiya. Za su ba ki dogon rubutu ki fito da abin da marubucin yake nufi. Za su kawo hujja ki nemo inda ta yi rauni. Wani wurin ma abin da za a tambaye ki kawai shi ne, bayanin nan ya isa a samu amsa ko bai isa ba? Macen da ta riƙe shago mai keken ɗinki shida tana yin irin wannan kullum ba ta sani ba.

Ga tambayoyi arba'in na kwafa miki da hannuna. Goma sha uku da kika ci a makon jiya kada ya karya miki gwiwa. Fom ɗin shaidar da makarantar take nema daga tsohuwar malamarki ya iso, ranar Litinin mai zuwa za a rufe karɓa. Sa hannuna kawai ya rage.

Malamarki,
Balaraba

Rafin Guza, Laraba

Malama,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ga amsoshin nan. A yi haƙuri ban zo da kaina ba, ankon biki ne ya rufe mu, mutum talatin, kowacce tana son nata kafin Asabar. Faruk yana gaisuwa.

Allah Ya ƙara girma.

Ɗalibarki,
Nafisat

Unguwar Rimi, Alhamis

Nafisat,

Sallama. Na duba, kin ci talatin da biyar. Na so in yi murna, murnar ta ƙi zuwa.

Shekara huɗu na koyar da ke a jami'a, na san takardarki: gefe duk lissafi, a soke nan a gyara can. Wannan kuwa fes take, ko ɗigo babu. Ina kika yi aikin?

Sai tambaya ta goma sha bakwai. A littafin da nake kwafowa, famfo ɗaya yana cika tanki a awa uku, ɗayan a awa shida, in an buɗe su tare awa biyu ke nan. Ni kuwa da gangan na mayar da uku ta koma goma sha biyu. Amsar abin da na ba ki awa huɗu ce. Ke kin rubuta biyu. Amsar littafin ce wannan, kuma ban taɓa ba ki littafin ba.

Fom ɗin nan yana da layin da ake tambaya ko na san ki da gaskiya. Ban taɓa sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba. Faɗa mini wa ya yi miki, ko me kika duba. Ina sauraro.

Balaraba

Rafin Guza, Juma'a

Malama,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, har Asma'u mai taya ni yanka ta ce ko rasuwa aka yi.

Takardar ba ta da lissafi ne saboda a kan teburin yanka nake yi, da allin da muke zana yadi. Tunda na buɗe shago hannuna ya saba da shi, biro sai ya riƙa ɗaure mini kai. In na gama sai in goge in shimfiɗa atamfa. Masu dogon Turancin kuma ina mayar wa 'yan shago da Hausa mu yi ta musu. Asma'u takan ce, "Hajiya, wannan mai hujjar taki ai zance kawai yake ja, bai faɗi komai ba," kuma sau da yawa ita ce da gaskiya.

Amma ba zan ɓoye ba. Faruk ya sayo mini littafin a kasuwa, na ga lambobin tambayoyinki sun zo ɗaya da na littafin. Ranar Laraba lokaci ya ƙure, ga amarya zaune tana jiran rigarta, sai na buɗe bayan littafin inda amsoshi suke na kwashi guda biyar. Ta goma sha bakwai tana ciki. Tsoro na ji kada ki sake ganin goma sha uku ki ce ba zan iya ba.

Sauran amsoshin duk nawa ne, ko da yake ba ni da shaida, na riga na goge. Na yi laifi, ina neman gafara. Sai dai Malama, ashe tun kafin in yi komai kin ɗana mini tarko. Wannan ya yi mini ciwo.

Nafisat

Unguwar Rimi, Asabar

'Yata,

Sallama. Kowane ɗalibi nakan canza masa tambaya ɗaya, ba ke kaɗai ba. Duk da haka na ji zafin da kika ji.

Biyar ɗin kin faɗa da bakinki, na yafe. Sauran kuwa har yanzu ban sani ba, ke ma ba ki san abin da za ki iya ba idan babu Asma'u kuma agogo yana tafiya, alhali haka ɗakin jarrabawar yake.

Fom yana kan teburina, layin nan babu komai a kansa. Na tsara sababbin tambayoyi ashirin daga kaina, babu su a kowane littafi. Gobe Lahadi da hantsi ki rufe shago ki zo. Minti arba'in zan ba ki, ina zaune a gefe. Zo ki gwada da kanki, mu gani tare.

Malamarki,
Balaraba