Kuskuren da Ke Ɓuya Idan Na Zuba Masa Ido

Anti, ki taimake ni kafin in faɗi abin da zai raba ni da aikina.

Ni mai bincike ce a jami'a. Na tsufa a kan manhaja guda, wadda ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta wa kwamfuta, ta rarraba shi ga injina masu yawa su yi aikin lokaci ɗaya, kamar teloli da suka taru a kan riga guda. Idan ta tafi daidai, wallahi har hawaye nake yi. Nakan zauna a ɗakin injinan nan mai sanyi, fankoki na ta gunji, ƙananan fitilu kore na ƙiftawa, in ji kamar ina shawagi a sararin samaniya.

Amma jefi-jefi injina biyu kan kai hannu wuri ɗaya, amsa ta fito a karkace. Da na sa abin bin sawu, wato ƙaramar manhajar da ke rubuta duk abin da injinan ke yi, gudunsu ya ɗan ragu, sai kuskuren ya ɓace. Na cire, ya dawo. Har mafarkinsa nake yi, yana tafe gabana cikin hazo, ba ya waiwaye.

Shugaban sashenmu, wanda ni na koya masa aikin, ya ce mu tura wa mujalla takardar binciken da muka rubuta a kan manhajar haka nan, tunda a gabansa bai taɓa faruwa ba. Wai na cika tsegumi! Sunana ne a sama, Anti. Ɗalibata kuma da takardar nan za ta kammala digirinta. In sa hannu?

Mai Bin Sawu

'Yar'uwa, fushinki na bisa hanya, amma shugaban naki ba ƙarya yake nema ba. Bai gani ba ne, kuma yana hango ɗalibarki.

Kada ki sa hannu a yadda takardar take, kada kuma ki janye ta. Ki ƙara sashe: ga kuskuren, ga yanayin da yake fitowa, ga yadda yake ɓacewa, ga iyakar saninku. Ki kai masa a rubuce, ba da baki ba, don na ji zafin bakinki tun daga nan. Ki fara sanar da ɗalibarki, ita ma sunanta na ciki.

Idan ya ƙi, ki ce a cire sunanki. Digirin yarinyar zai iya jinkiri, amma takardar ƙarya za ta bi ta har tsufa. Allah Ya sanyaya miki zuciya.