Ƙofar Ɗakin Addu'a

Hamburg

Afrakoma 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Kumasi, ya ƙafar mamanki?

Yau na danna adireshin manhajar cocinmu na Kumasi, wadda mutane ke aika wa Fasto roƙon addu'a, sai ta ce wai ba ni da izini. Ni! An ce ke kika taɓa ta. Ɗan Fasto ya ɗora abinsa a intanet yana aiki lafiya lau, ke daga samun takardar kwamfuta sai ɓarna. Kullum da shayina nake karantawa, ina sa mutane a addu'a. Ki gyara kafin Lahadi. Ki ce wa mamanki yajin shito da ta aiko ya yi gishiri.

Antinki mai ƙaunarki,
Boakyewaa

Kumasi

Anti,

Ina gaisuwa da ladabi. Mama ta ji sauƙi.

Ba lalacewa ta yi ba, rufewa na yi. Gwanin naku ya bar ƙofa a wangale, duk mai adireshin yana shiga ko kalmar sirri babu. Na yanke ta daga intanet ɗin jama'a, yanzu sai daga ofishin Fasto.

Maame Dufie ta rubuta wa Fasto cewa ɗanta na gidan yari. Kafin mako ya zagayo ana yi mata jaje a kasuwa, daga bakin mutanenmu na Jamus. Ta daina zuwa coci. Addu'arki tana da saurin tafiya, Anti.

Taki,
Afrakoma

Hamburg

Afrakoma,

Ina amsawa, ko da yake gaisuwar taki ba ta kai ciki ba. Da wayar da na aiko miki kike min rashin kunya? Matan zumuntarmu na nan kawai na ba adireshin, dukkansu masu tsoron Allah. Wanda bai yi abin kunya ba me zai ɓoye? Ki buɗe, ko in kira Fasto.

Boakyewaa

Kumasi

Anti,

Barka da sanyi. Kira shi. Amma manhajar tana nuna roƙon da aka fi buɗewa, da garin da aka buɗe shi. Na farko naki ne na bara, kan mijinki Kawu Opoku da kike ce wa mutane aiki ne ya kai shi Holan. Duk daga Hamburg aka yi ta buɗe shi. Masu tsoron Allahn naki ba su taɓa ce miki komai ba?

In buɗe?

Taki da ladabi,
Afrakoma

Hamburg

'Yata,

Bar ta a rufe. Ki gaishe min da Dufie.

Boakyewaa