Mataji ga Mai Sanƙo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya sassauta maka kewar gida. Mu nan sai godiya. Ciwon gwiwar Gwaggo ya yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi mana faɗa kamar da. Ni kuma ina nan kan keken ɗinkina, bayana ne kawai yake ƙorafi.

Na ga saƙonka cewa in fara haɗa wa Baba kaya ya koma wurinka da zama. Ban ga laifinka ba, tunda ni na gaya maka cewa tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, ba ya fita sai dole, abinci sai dai ya tsakura, teburin gyaran agogonsa ya yi ƙura. Amma kafin ka sayi tikiti, ka karanta abin da ya faru ranar Talata.

Ka tuna ranar kyautar ɓoye ta Inna? Wadda ta ce ta ji a rediyo, mu kuwa muka duba kalanda kaf ba mu gan ta ba, muka riƙa tsokanarta cewa ita ta ƙirƙiro abarta. Duk shekara sai ta ajiye ɗan abu a ƙofar kowane maƙwabci, sabulu ko allura da zare, ba suna ba komai, har mutanen gidan hayar nan suka ɗauka. Bara zuciyata ba ta bar ni na yi ba. Bana na ce sai na yi, kuma da wata manufa a raina. Ka san Baba da Baffa Mai Aski, mai shagon ƙasan bene, ba sa ga-maciji tun ranar da Baffa, ana tsakiyar zaman makoki, ya ce wa Baba ya sake aure kada kaɗaici ya kashe shi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, bakinsa ne dai ba birki. Abotar shekara talatin ta tsaya cak a ranar. Daga baya agogon bangon shagon ma ya tsaya, Baffa kuma ya hana kowa taɓa shi.

Sai na ɗinka 'yan jakunkuna biyu da ƙyallen da ya rage mini. Na sa mataji a ɗaya na rataye a ƙofar Baba, don ya zaci daga mai aski ya fito. Na sa batir a ɗayar na rataye a ƙofar shago, don Baffa ya zaci mai gyaran agogo ne ya aiko. Wallahi Yaya, a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni dabara.

Da hantsi na ji takun Baba yana sauka. Na bar ɗinki na laɓe a kan matakala. Ya tsaya bakin shago ya yi sallama, ya ce ya ga mataji, ya gode. Baffa ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce ba komai, shi ma ya ga batir, Allah Ya saka. Suka tsaya suna kallon juna, har wanda ake yi wa aski ya ɗago da kumfa a fuska. Sai Baba ya ce a ba shi kujera ya taka. Ya sauko da agogon, ya hure ƙura, ya aika a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa. Kafin azahar agogo ya tashi. A shagon ya ci abinci, kuma ya cinye.

Da la'asar suka sa aka kira ni, na je ina jiran yabo. Baffa ya cire hular Baba, ya nuna mini sanƙon nan yana sheƙi, ya ce shekara talatin yana aske wannan kai, ai ko hauka yake ba zai aika masa mataji ba. Baba kuma ya ce na kunyata shi a gari, 'yar mai gyaran agogo guda ba ta san cewa agogon da ɗan makulli ake murɗa shi ba, ba ya cin batir. Ashe tun kallon farko kowannensu ya gane ni ce. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye su to me ya sa suka yi ta yi wa juna godiya. Baffa ya juya yana wasa reza kamar bai ji ba. Baba ya daɗe yana murza 'yar jakar a hannunsa, ya ce bakin ɗinkin irin na Inna ne. Sannan ya ce shekara biyu yana neman abin da zai kai shi ƙofar shagon nan bai samu ba, da ya ga mataji sai ya ce wannan ma ya isa. A nan na kasa riƙe hawaye.

Saboda haka ina roƙonka, Yaya, ka bar mana shi. Na san kai ma kewarsa kake yi, kuma ba na cewa ya warke sarai. Amma kwana huɗu ke nan kullum yana shagon, suna musu kan ko agogon yana gudu da minti biyu.

Ka gaishe mini da Anti, da Babbar Yarinya, da 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ku, Baffa ma ya ce in ka zo askinka kyauta ne. Baba yana sa muku albarka. Ya ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka da tikiti, yana da aiki a hannu. Matajin yana nan a aljihun gaban rigarsa, ya ƙi ba ni.

Taka har kullum,
Auta