Sunan Dije Mai Waina a Bangon Ajinmu

Unguwar Dosa,
Kaduna.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Goggona Maimuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Baba Sanda da ƙanwata Sumayya. Yaya birnin Jidda, yaya zafi, yaya fama da marasa lafiya? Allah ya ba ki ladan tsayuwar da kike yi a kansu. Mu nan kowa lafiya. Hawan jinin Baba ya sauka tun da aka canza masa magani, kullum yana zuwa ofis. Umma na nan da ɗinkinta. An mayar da Yaya Sharhabil aiki Mando, shi da matarsa Anti Nafisat sun tare can tun watan jiya. Ruwa kuwa bana sai godiya, har katangar bayan gida ta ɗan tsage.

Goggo, na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali muna waya. Sau biyu na kira ki a makon nan da niyyar in faɗa miki wata magana, sai in ji kina dariya kina tambayata yaushe za a sha bikin gama karatu, sai in ɓige da zancen atamfa. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo miki. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ni.

Kin san a karatunmu na tsarin sarrafa bayanai da kwamfuta, a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya gina manhajar da za ta warware wata matsala ta gaske, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare ta. Ita muke kira furojet. Ni tun lokacin da na yi zaman koyon aiki na wata shida a asibitin ƙawarki Dakta Atika, wanda ke kika samo mini, na san abin da zan yi. Na ga yadda katunan marasa lafiya suke jibge a kwalaye, mutum yana nishi a benci ana ta tonon katinsa. A lokacin na fara shigar musu da katunan cikin kwamfuta, Dakta har tana sa mini albarka. To sai na gina rumbun bayanai wanda da an danna harafi biyu katin mutum zai fito, da magungunan da ya sha da ranar da zai dawo. Wata huɗu na yi a kansa, kuma wallahi ya yi kyau.

Malamin da ke duba aikina ya ce gwaji da sunaye ashirin na ƙirƙira bai isa ba, yana so ya ga manhajar ta ɗauki ɗaruruwan mutane ba ta yi nauyi ba. Bai ce in kawo na gaske ba, ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni ce na tuna cewa kwafin abin da na shigar a asibiti yana nan a filashina, kusan mutum ɗari takwas. Ban tambayi Dakta ba. Na ce wa raina ai zan canza sunayen, kuma na canza, na rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni da suka musanya kowane suna da na ƙarya. Abin da na manta shi ne akwai jadawali na biyu, na sakamakon gwaji, kuma a ƙarshensa akwai gurbin ƙarin bayani inda mai gwajin jini yake rubuta sunan mutum da unguwarsa don kada kwalabe su cakuɗe masa. Wannan gurbin ban taɓa shi ba.

Ranar kare aiki an haska majigi a bango, malamai uku a gaba, 'yan ajinmu kusan arba'in a baya. Komai na tafiya daidai, har ɗaya daga cikin malaman yana gyaɗa kai. Sai ya ce in fito masa da jerin waɗanda suka gama shan maganin tarin tibi. Na danna, jerin ya fito. A layi na uku, sunan ƙarya yana hagu, a dama kuma ga shi ɓaro-ɓaro: Dije mai waina, Unguwar Shanu. Bai kai minti ɗaya a bangon ba na rufe. Malama Balaraba, wadda ta koya mana kwas ɗin tsaron bayanai da amanar aiki a aji uku, kwas ɗin da na fi kowa maki a cikinsa, ta dube ni ta tambaya a hankali ko bayanan nan na mutanen gaske ne. Goggo, na ce mata na ƙirƙira ne. Ƙarya na yi mata ido da ido, aka tafa mini, na zauna.

Bayan kwana goma wani ɗan ajinmu, Ɗanasabe, ya tare ni a bakin ɗakin karatu jikinsa a sanyaye. Ashe layinsu ɗaya da Dije, kuma ya ga sunanta a bangon. Ya ce shi dai ya gaya wa mahaifiyarsa ne kawai ta daina aiken yara sayen waina, bai zaci zancen zai fita daga gidansu ba. Amma zancen ya fita. Matar da ta shekara goma sha takwas tana suya a wuri ɗaya, da kuɗin wainar take riƙe da jikoki uku marayu, yanzu mutane ratse ta suke yi. Wani gidan suna da suka yi mata odar waina sun aiko sun ce sun fasa. Ya ce da idonsa ya ga ta juye ƙullun da ya yi tsami a kwata.

Washegari da hantsi na tafi Unguwar Shanu. Na same ta zaune gaban tanda, wuta na ci, waina jere a cikin kwano, benci babu kowa. Dattijuwa ce siririya mai tsabta. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata ko ni wace ce da abin da na yi. Ta daɗe tana juya wainar da ta riga ta nuna. Sannan ta ce mini lokacin da aka gano ciwon, da kanta ta kashe wutarta, ta ce wa mutane ta tafi ƙauye jinyar 'yar'uwa, ta ƙulle kanta a ɗaki tana shan magani har wata shida, ba ta koma suya ba sai da likita ta ce babu sauran komai, don kada ta cuci ɗan kowa. Ta tambaye ni me ta yi mini. Na ce ba ta yi mini komai ba, ban ma taɓa ganinta ba. Na ce mata na goge sunanta daga kwamfutar gaba ɗaya. Ta ce to madalla, bakin mutanen layin nan fa, wane maɓalli zan danna in goge shi daga can? Ba ta zage ni ba, Goggo. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A bakinta na ji abin da ya ƙara karya ni. Ita ta ɗauka ma'aikatan asibiti ne suka tona mata asiri, har ta je ta yi kuka a gaban Dakta, Dakta kuma ta dakatar da mai gwajin jininta daga aiki, bawan Allah mai iyali da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga nan ban koma gida ba, asibitin na wuce. Na faɗa wa Dakta komai. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce ita ba ta ɗaukar ɗalibai, saboda ke ne ta ɗauke ni, ta ba ni makullin ɗakin kati kamar 'yar cikinta. Ta sa aka kira mai gwajin jinin a waya a gabana aka ba shi haƙuri, ta ce in tashi in tafi. Ki yafe mini, Goggo, na zubar miki da mutunci a wurin ƙawarki ta shekara talatin.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo na je ofishin Malama Balaraba na janye ƙaryar da na yi. Wasu ƙawayena sun ce hauka nake yi, tunda an riga an ba ni maki in yi shiru. Na kasa. Malama ta ce tun ranar ta gane, jira take ta ga ko zan dawo da ƙafata, amma dole ta kai maganar gaba. Kwamitin ladabtarwa ya zauna Larabar da ta wuce. Sun soke furojet ɗin. Sun ce hukuncin ƙarshe yana hannun majalisar makaranta a ƙarshen watan nan, ko dakatarwa ta shekara ɗaya, ko kora. Shekara huɗu, Goggo. Ban taɓa faɗuwa kwas ko ɗaya ba. Nakan zauna da kwamfuta a gabana in kasa buɗe ta. Abinci ba ya shiga, Umma ta ɗauka ciwon shawara ne ke damuna har ta jiƙa mini magani.

Abu ɗaya nake iya yi. Kullum da safe kafin in wuce makaranta ina biyawa ta wurin Dije, in sayi waina in zauna a bencinta in ci a idon kowa. Ba ta yi mini magana, tana dai zuba mini. Shekaranjiya wani mai keke napep ya tsaya ya saya, jiya ba wanda ya zo sai ni. Dakta ta aika mata cewa za ta rubuta takardar shaidar ta warke, Dije ta ce ba ta so, wai takarda tabbatar wa mutane za ta yi cewa ta yi ciwon. Ke da kika shekara da shekaru kina jinyar masu irin wannan lalura, ki gaya mini yadda ake fahimtar da mutane cewa wanda ya gama magani ba ya shafa wa kowa, ba tare da na ƙara tallata ta ba. Ko kora aka yi mini, wannan ne abin da ba zan iya ɗauka ba, in bar tsohuwar nan da jikoki uku da tanda babu masu saye.

Sai maganar Baba. Har yau bai sani ba, Umma ma haka. Ya gama gaya wa abokan aikinsa cewa 'yarsa ta zama injiniyar kwamfuta, jiya ma yana tambayata jihar da nake so a tura ni bautar ƙasa. Ina tsoron jininsa, ina kuma tsoron ya ji a bakin wani, don Kaduna ba ta da girma. Ke kaɗai ce yake saurara idan ransa ya ɓaci. Ba na roƙon ki roƙa mini kowa a makaranta, abin da suka yanke na cancanta. Roƙona ki kira wayarsa ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin yana gida. Zan zauna kusa da shi, ni zan faɗa masa da bakina. Ke dai ki tsaya a kan layi, in muryata ta ƙi fita ki ce mini in ci gaba.

Ki gaishe mini da Baba Sanda da kyau, amma kada ki nuna masa takardar nan tukuna. Ki gaishe da Sumayya, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Umma tana gaishe ki, haka Yaya Sharhabil da Anti Nafisat. Idan Allah ya kai ki Harami, ki sa Dije a addu'a kafin ki sa ni. Wassalam.

'Yarki mai neman gafararki,
Fiddausi Salisu