Waƙar Niƙan Gwaggo Shatu

Agiye, 9 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Yaya Delu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki Yaya Buba da yara da Gwaggo Shatu. Ina gajiyar kaka? An gama ɗaurin gero? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, maigidan ya sayo rediyo. Tun ranar samun 'yancin kai, da muka saurari shagalin a tsaye a tsakar gidan maƙwabta, ya rantse sai ya yi nasa. Na ɗinka wa akwatin riga da ragowar atamfa. In ya tafi buro wurin aiki, ni da akwatin muke wuni, ina tsince shinkafa ko ina karatun 'yan littattafan nan nawa da yake sayo mini daga Katsina.

Shi kiɗan mutanen Kwango yake so, mai jita da ƙaho. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma sai ya yi ta kaɗa ƙafa har shayi ya zube. Ni ma ba na ƙin sa, sai dai a ƙafa yake tsaya mini, ba ya hawowa ƙirji. Kalangu yunwa yake sa ni, don rumfar mahauta nake tunawa. Goge ina son sa daga nesa, in ya matso tsoro yake ba ni. Ranar Alhamis mu matan ma'aikata mun taru gidan Hadiza matar mushen lakol, malamin makaranta, kowace ta faɗi wanda ta fi so. Da aka zo kaina na ce waƙar niƙan Gwaggo. Wai dariya! Hadiza ta ce, "Haba Batulu, ƙasa ta samu 'yanci, ke har yanzu dutsen niƙa bai sake ki ba?" Na yi dariyar tare da su, amma ban janye ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wani baƙo ya sauka gidanmu, Malam Jibrilla, ma'aikacin gidan rediyo ne daga Yamai. Yana yawo da wata na'ura mai zare, kana magana tana ɗauka, ta mayar maka da muryarka kamar kai. An aiko shi tattara waƙoƙin ƙasa. Makaɗan sarakuna yake ta ɗauka, na ce masa daga bayan labule akwai wadda ta fi su. Ya ce watan gobe zai biyo Tibiri, kuma in har tsohuwar ta yarda, zai ratso Gidan Sori rana ɗaya, ba zai sake dawowa ba.

Yaya, ki shawo mini kanta. Kin san wadda nake nufi:

"Wanda ba ni kira, hura ta yi tsami,
na rufe akushi, na buɗe akushi."

Tun ina goye a bayanta, bayan rasuwar Inna, nake jin ta, kuma na daɗe da gane labarin. Wani ta so tana budurwa, ina jin bafatake ne, ya yi kudu da jakuna bai komo ba. Na karanta irin wannan a littattafai har sau uku. Gwaggo ta tsufa, hannunta ya fara rawa. In ta tafi da waƙar nan, wa zai ba mu ita?

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Batulu

*

Gidan Sori, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da yawa. Takardarki ta iso ran kasuwa. Kowa lafiya, gero ya yi, wake ne tsutsa ta taɓa. Yayanki Buba ne ke rubutawa, ni ina faɗi. Na ce mishi kar ya ƙara komai nashi.

(Ba zan ƙara ba. Amarya, ashe maigidanki Chindo kiɗan Kwango ya koma? Ki ce mishi ranar gayya ya zo ya kaɗa ƙafar a gonata. Buba.)

Ke Batulu, littattafan nan sun cika miki kai da hayaƙi. Wane bafatake? Gwaggo ko kasuwar Tibiri ba ta zuwa tana budurwa. Na so in ƙyale ki, amma tunda kin ɗauko abin da gaske, bari in gaya miki abin da ba a faɗi cikin gidan nan.

Gwaggo tana da ɗa. Labo sunanshi, ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Shekarar da Nasara suka shiga babban yaƙinsu, aka ce kowane gari ya ba da samari. Gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo da hantsi, Labo yana dawowa daga gona, aka tafi da shi, ko furar da ta dama mishi bai sha ba. Ke ba a haife ki ba, ni ina da shekara bakwai, ina tsaye. Kin san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Mata suna ta kuka, ita ta juya baya tana gyaran murhu. Waɗansu sun komo bayan yaƙi, shi ba labari, ba takarda, ba gawa. Shekara ashirin ba ta tambayi kowa ba, don ba ta da bakin tambaya. Mu ma ba mu ambatonshi, don kar mu sa ta a kunya.

Wurin niƙa kawai take maganarshi, don dutse na rufe mata murya, kowa kuma sai ya yi kamar bai ji ba. Shi ne kike so a sa a akwati duniya ta ji Shatu na kukan ɗan fari? Maza a gindin itace suna saurare? Ban gaya mata ba, kuma ba ni gaya mata. Ki ba baƙonku haƙuri.

Ki gaida maigidanki. Ki rage karatu, ki riƙa cin abinci.

Yayarki,
Delu

*

Agiye, 2 ga Nuwamba

Yaya Delu,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki sau huɗu. Tuwon ranar ya ƙone, maigidan ya ci haka nan.

Na ji kunya ƙwarai. Shekara nawa ina kwance a gefen dutsen nan ina ƙulla mata saurayi da rawani, alhali ɗanta take kira. Har garin dawar ma ina lasa.

Amma Yaya, ki yi haƙuri, ban bari ba. Kin ce ba ki gaya mata, to wannan yanke mata hukunci ne. Shekara ashirin kowa yana yin kamar bai ji ba, kuma duk don a kyauta mata ne, na sani. Ko sau ɗaya an taɓa tambayarta abin da take so? In ta ce a'a, wallahi ba zan sake tayar da zancen ba. Amma daga bakinta nake so in ji.

Maigidan ya ba ni izini. Ya ce tunda aka kawo ni bai taɓa ganin na nace wa abu haka ba, ko kuɗin littafi. Zan hau motar gyaɗa zuwa Maraɗi ran Litinin, Yaya Buba ya taimaka ya tarye ni Tibiri da jaki. Malam Jibrilla zai iso Alhamis.

Kada ki yi fushi. In ma kin yi, ki ajiye mini fura.

Batulu

*

Gidan Sori, 11 ga Nuwamba

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, da aiki. Na iso lafiya. Yaya Delu ta yi mini faɗa tun daga ƙofar gida har ɗaki, sannan ta kawo mini abinci.

Kwana biyu na kasa yi wa Gwaggo maganar. Duk jawabin da na tsara a mota ya gudu. Ran Laraba da la'asar tana tsince dawa, na zauna kusa da ita, na ba ta labarin rediyonmu da na'urar baƙo, na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "'Yar lakol, kin rasa abin kai wa Nasara sai haukan tsofaffi?"

Na ce, "Ba na Nasara ba ne yanzu, Gwaggo, namu ne."

Ta yi tsaki. Na ce a raina shi ke nan, na sha alwashi ba zan matsa ba. Na tashi zan tafi, sai ta ce, "Akwatin nan, har ina yake kai magana?"

Na ce ana ji a Damagaram, ana ji a Kano, baƙon ma ya ce masu akwati mai ƙarfi suna kamawa har bakin teku.

"Inda jirgin ruwa ke tsayawa?"

Na ce i. Maigida, a nan na so in yi irin ta littafi, in ce mata tabbas zai ji. Na kasa. Na ce, "Gwaggo, ban sani ba ko yana da rai."

Ta ce, "Wa? Wa ya tambaye ki wani?" Ta ci gaba da tsintar dawarta. Can ta ce, "In baƙon ya zo a ba shi ruwa."

Jiya ya iso da hantsi. Mutumin kirki ne, amma nan ya yi kuskure. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗaki, aka kore kaji, aka zaunar da Gwaggo, ya kafa mata ƙarfen maganar a baki, ya ce bismilla. Zare yana ta juyawa, Gwaggo tana kallon hannuwanta. Ya ce, "Inna, ki saki jiki." Ta ce, "Me zan ce? Ni ban iya waƙa ba." Ba ƙarya ta yi ba. Ba ta taɓa yin ta a zaune ba.

Na ce masa sai a kan dutse. Ya ce ƙarar dutse za ta ɓata ɗaukar, a Yamai ba za su karɓa ba. Na ce to ya naɗe zarensa, don waƙar da dutsen tare suke. Ban san inda na samo bakin ba. Ya ce to ta riƙa goga dutsen a hankali, ba hatsi. Yaya Delu ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, kai ka taɓa yin noma ba ƙasa?" Ta je ta ɗebo dawa ƙwarya guda da hannunta.

Muka fito da shi rumfar niƙa. Gwaggo ta ce namiji ba ya tsaya mata a ka, sai ya koma bayan zana da na'urarsa, ni na durƙusa na riƙe ƙarfen. Ta ɗaura zane, ta zuba dawa, ta fara. Da farko sai dutse da numfashi. Hannuna ya fara ciwo. Da garin ya fara zubowa sai muryar ta biyo shi. Ta yi wadda na sani, ta hura da akushi. Sannan ta shiga wata da ko Yaya ba ta taɓa ji ba:

"Gida na nan inda ka bar shi,
rijiya ta ƙafe, mun gina wata gabas.
In ka zo da dare kar ka yi sallama,
ni ba ni tambaya ina ka tsaya."

Ta niƙe ƙwaryar duka, ta yi tishi, ta share dutsen, ta tashi. Malam Jibrilla ya fito yana goge fuska, ya ce rana ce. Ya tambayi sunanta don ya rubuta. Ta ce ba a rubuta ba. Ya ce to wa aka yi wa waƙar? Ta ce, "Dawa." Sai dai ta ce sunan gari ya faɗe shi da kyau, sau biyu, kar ya haɗiye.

Ya ce zai yi ƙoƙari, amma ba shi ke zaɓen abin da ake sakawa ba, kuma dutsen ya fi muryar ƙarfi. Na roƙe ka, ka rubuta masa ta buro ka tuna masa. In bai amsa ba ka sake rubutawa. Ni ma zan rubuta.

Zan taho ran Lahadi in Allah ya yarda. Kada ka ƙarar da pil, wato batirin rediyo, a kan mutanen Kwango.

Matarka,
Batulu

*

Gidan Sori, 20 ga Disamba

Auta,

Gaisuwa. An saka waƙar. Ina jin ku ma kun ji.

Shekaranjiya da la'asar maigari ya fito da rediyonshi ƙofar gida saboda bikin ranar jamhuriya, gari ya taru. Sai muka ji an ce Gidan Sori, Gidan Sori. Sai dutse. Cikin maza ba wanda ya dubi wani. Sabo, wanda aka tafi da shi tare da Labo ya komo da ƙafa ɗaya, ya cire hula ya riƙe.

Gwaggo tana bayan zana da mu. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wace ce wannan marar kunya?" Ta koma gida.

Yau da safe ta sa yayanki ya sake jinkar ɗakin da ke kusa da zaure, wanda muke zuba ƙaiƙayi. Ba ta ce don me ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ta ce in tambaye ki, ba wai don komai ba, yaushe za su sake sakawa.

Yayarki,
Delu