Waya Ta Kai Ni Makabarta

Zuwa ga Yayana Uba,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya Inna da takaba? Ka gaishe mini da mutanen Dogarawa. Ni lafiya lau, aikin asibiti a nan Ingila sai godiya, barci ne dai bai cika zuwa ba.

Yaya, na san alheri ka nufa da ka kira ni ta bidiyo ranar jana'izar Baba. Amma ba ka kashe wayar ba har makabarta. Ina tsaye a ɗakin canza kaya na ga an sa shi a kabari, an jera itace, an tura ƙasa. Wace mace a gidanmu ta taɓa ganin wannan? Bayan minti goma na koma rabon magani.

Na ga wani ya saka bidiyon a guruf ɗin dangi. Don Allah a goge shi kafin ya kai ga Inna. Ita ba ta gani ba, mata na riƙe da ita. Ni na gani, babu wanda ya riƙe ni.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙanwarka,
Safiyatu